Matsayin Gwani da Mataimakansa a Sassaƙar Zamani

Gabatarwa

A ranar 8 ga watan Yuli, 2022, wata kotu a birnin Faris ta yanke hukunci a kan wata ƙara wadda masu harkar fasaha a Turai da Amurka suka daɗe suna sauraron yadda za ta kaya. Mai ƙarar wani dattijo ne Bafaranshe, Daniel Druet, wanda ya yi suna wajen ƙera mutum-mutumin kaki, har ya yi shekaru yana yi wa gidan kallo na Grévin aiki. Abin da ya kai shi gaban alƙalai kuwa shi ne waɗansu siffofi da ya ƙera da hannunsa tsakanin 1999 da 2006, waɗanda duniya ba ta san su da sunan kowa ba sai na Maurizio Cattelan, mutumin Italiya da ya ba shi aikin. Ɗaya daga cikinsu, watau siffar Hitler a durƙushe, an sayar da wani kwafinta a gwanjo a New York cikin 2016 a kan dala miliyan 17 da ɗoriya. Babu wanda ya yi musun cewa yatsun Druet ne suka sarrafa kakin. Gardamar ita ce, shin wannan kaɗai ya isa ya mai da shi mai aikin?

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wannan tambaya. Za a duba yadda rabon aiki yake a wannan sana'a tun asali, da irin sauyin da ƙarni na 20 ya kawo, sa'an nan a auna abin da kotuna suka faɗa, domin a fitar da ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi wajen danganta aiki ga mutum.

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a daidaita ma'anar kalmomi uku. Kalmar sassaƙa a nan ta zarce aikin gizago da itace: ta haɗa duk wani aikin fasaha mai jiki, wanda ake iya kewaya shi, ko an fafe shi daga dutse, ko an gina shi da yumɓu, ko an zuba shi da tagulla, ko an haɗa shi da walda. Gwani shi ne wanda ake kiran aikin da sunansa. Mataimaki kuwa shi ne duk wanda ya sa hannu cikin ƙerawa amma sunansa bai fito ba, ko yaron shago ne, ko ƙwararre mai zaman kansa, ko kamfani sukutum.

Rabon aiki tun asali

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a zamanin da gwani yakan tsaya shi kaɗai gaban dutse da guduma da kurfi har siffa ta fito. An yi irin waɗannan gwanaye, amma ba su ne suka fi yawa ba. Hanyar da aka fi bi a Turai, musamman daga ƙarshen ƙarni na 18, ita ce gwani ya gina siffar da yumɓu, sau da yawa ƙarama. Daga nan wani ma'aikaci ya ɗauki tambarinta ya zuba ta da filasta, domin yumɓu yana tsagewa idan ya bushe. Sai a kawo dutsen marmara a ajiye kusa da siffar filastar, a ɗauko wata na'ura mai allura wadda ake auna ɗigo da ita. Akan aza allurar a wani wuri a jikin filastar, a ɗaure ta, a ɗauke na'urar a mayar kan dutsen, a huda shi har zurfin ya yi daidai da awon. Bayan an yi haka ɗaruruwan lokuta, ko ma dubbai, sai a sare abin da ke tsakanin hujojin, siffa ta bayyana. Wannan aiki na watanni ƙwararrun masu sarar dutse ne ke yin sa. Gwani yakan zo daga ƙarshe ya gyara fuska, wani lokaci kuma dubawa kawai yake yi ya amince.

Al'amarin tagulla ya ma fi haka, gama da wuya a sami gwanin da ke da maƙerar zubi tasa ta kansa. Narkar da ƙarfe, da yin tambarin kaki, da goge aikin bayan an fasa tambari, da ba shi launi, duk sana'o'i ne masu zaman kansu. Ko Ben Enwonwu na Nijeriya, sa'ad da ya yi siffar Sarauniya Elizabeth ta Biyu cikin 1957, a wata maƙera ta Landan aka zuba masa tagullar.

Tarihi ya adana sunayen waɗansu mataimakan. A Roma, tsakanin 1622 da 1625, Gian Lorenzo Bernini ya fitar da mashahurin aikinsa na Apollo da Daphne, inda ake ganin yatsun budurwa suna rikiɗa suna zama ganyaye. Waɗannan ganyaye na dutse, masu kaurin takarda, waɗanda har yau baƙi ke tsayawa suna mamakinsu, yawancinsu aikin wani saurayi ne mai suna Giuliano Finelli. Yabo ya tafi ga Bernini, Finelli kuwa ya bar shagon bayan 'yan shekaru da ɓacin rai. Haka kuma Auguste Rodin na Faransa, wanda ya rasu cikin 1917, gwanin yumɓu ne, amma kusan duk ayyukansa na marmara waɗansu ne suka sare su. Cikin waɗanda suka yi aiki a shagonsa akwai Camille Claudel da Antoine Bourdelle, waɗanda daga baya suka yi suna da ayyukan kansu. Cikin 1916 Rodin ya mallaka wa gwamnatin Faransa ayyukansa tare da ikon zuba su, saboda haka babbar ƙofar tagulla da ya yi shekaru yana tsarawa, wadda ake kira Ƙofar Jahannama, ba a zuba ta ba sai bayan mutuwarsa. Duk da haka sunansa take amsawa.

Wannan tsari ba baƙo ne ga Bahaushe ba. A ɗinkin babbar riga, sau da yawa wanda ya zana aska takwas a kan yadi daban yake da waɗanda suka zauna makonni suna bin zanen da allura. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ana danganta shi ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, alhali kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya ta da baka-gizo na ƙasa mai wannan faɗi.

To, sai dai jama'ar Turai na ƙarni na 19 ba duka suka san yadda ake aiki a bayan ƙofar shago ba, kuma wannan rashin sani ya zama makamin ɓata suna. Cikin 1863 waɗansu jaridun Landan biyu suka buga cewa siffar Sarauniya Zenobia, wadda Ba'amurkiya Harriet Hosmer ta nuna a baje kolin duniya na 1862, aikin wani ma'aikacin Italiya ne. Hosmer ta kai ƙara, jaridun suka janye maganarsu, ita kuma ta rubuta wata maƙala cikin 1864 tana bayyana matakan sana'ar ɗaya bayan ɗaya, tana nuna cewa abin da ta yi shi ne abin da takwarorinta maza suke yi ba tare da kowa ya tanka ba. Cikin 1882 kuma aka yi wata doguwar shari'a a Landan tsakanin Richard Belt da Charles Lawes, wanda ya zarge shi da sa sunansa a kan ayyukan waɗansu. Kotu ta sa aka ba Belt yumɓu ya gina siffar mutum a ƙarƙashin sa ido, domin a gani ko ya iya. Manyan gwanayen Ingila, har da Frederic Leighton, suka ba da shaida a kan Belt, amma masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya, aka ci Lawes diyyar fam 5,000. Abin lura a shari'o'in nan biyu shi ne, kowane ɓangare ya yarda da ƙa'ida guda: mataimaki na iya sarar dutse, amma siffar yumɓu ta farko lalle ta fito daga hannun gwani.

Sauyin da ƙarni na 20 ya kawo

A farkon ƙarni na 20 waɗansu matasa suka yi wa tsarin Rodin tawaye. Constantin Brancusi, mutumin Romaniya, ya shiga shagon Rodin cikin 1907, bai daɗe ba ya fita, ya koma sarar dutse kai tsaye da hannunsa. Henry Moore na Ingila ma da wannan ra'ayi ya fara. Amma da sunansa ya ɗaukaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birane suka riƙa neman manyan siffofin tagulla daga gare shi, sai ya koma yin 'yan ƙananan samfura waɗanda ake riƙewa a tafin hannu, mataimaka suna faɗaɗa su. Anthony Caro, wanda ya zama babban gwani daga baya, ya yi masa irin wannan aiki daga 1951 zuwa 1953.

Wanda ya tumɓuke tsohuwar ƙa'idar daga tushe shi ne Marcel Duchamp. Cikin 1917 ya aika wa wani baje koli a New York da kaskon fitsari na tangaran, irin wanda ake sayarwa a kantin kayan famfo, bayan ya kwantar da shi ya rubuta wani suna na aro a jikinsa. Hujjarsa ita ce zaɓen abu da ba shi sabuwar ma'ana su ne aikin gwani. Masu baje kolin suka ƙi nuna shi, kaskon na asali ma ya ɓace. Waɗanda ake gani a gidajen ajiye kayan fasaha a yau kwafi ne, kuma takwas daga cikinsu masu sana'ar tangaran na Italiya ne suka yi su cikin 1964 da izninsa, suna bin hoton na farkon.

Cikin shekarun 1960 wannan ra'ayi ya sami gindin zama a Amurka. A 1962 Tony Smith ya ɗauki wayar tarho ya kira wani kamfanin walda a garin Newark, ya ba da awon wani akwatin baƙin ƙarfe mai ƙafa shida a kowane gefe. Kamfanin ya ƙera, akwatin kuma ya zama ɗaya daga cikin ayyukan da ake koyar da su a jami'o'i. Daga 1964 Donald Judd ya riƙa aika zane da awo ga wani shagon masu aikin kwano a New York, Bernstein Brothers, su ƙera masa akwatunansa. Dalilinsa kuwa a fili yake: yana son gefe mai kaifi da fuska mai santsi waɗanda babu alamar yatsa a kansu, kuma ma'aikacin kwano ya fi shi iya wannan. Sol LeWitt ya ƙara gaba cikin 1967, inda ya bayyana cewa tunani da tsari su ne jigon aiki, aiwatarwa kuwa tana biyo baya ne kurum. Wanda ya sayi aikinsa na bango takardar umarni da ta shaida yake karɓa, waɗansu su zo su zana.

Bambancin wannan zamani da na Rodin a nan yake. Rodin ya taɓa yumɓu, mataimaka suka juya siffarsa zuwa dutse. Smith da Judd ba su taɓa kome ba sai fensir. Jarrabawar da aka yi wa Belt cikin 1882 ba ta da sauran amfani a kansu, domin ba su taɓa da'awar cewa sun iya walda ba.

Girman al'amarin a yau

Abubuwa uku suka ƙara faɗaɗa rabon aiki daga shekarun 1980. Na farko girman ayyukan da birane da manyan gidajen fasaha suke nema. Na biyu sababbin kayan aiki waɗanda sai injiniya da na'ura mai aiki da kwamfuta ke iya sarrafa su. Na uku kasuwa, wadda take neman ayyuka da yawa daga sunaye kaɗan.

Alal misali, siffar nan mai ƙyalli ta Anish Kapoor da ke tsakiyar birnin Shikago, wadda mutanen garin ke kira ƙwayar wake, an haɗa ta ne da faranti 168 na ƙarfe marar tsatsa. Wani kamfani a Kalifoniya ya lanƙwasa farantan, waɗansu ma'aikata suka yi waldarsu suka goge har mahaɗin ya ɓace, aka gama cikin 2006. Damien Hirst na Ingila ya fito da ƙoƙon kan mutum na filatinam cikin 2007, wanda aka jera wa lu'ulu'u 8,601; maƙeran zinariya na Bentley & Skinner da ke Landan ne suka yi aikin. Zomon ƙarfe na Jeff Koons, wanda aka zuba cikin 1986, an sayar da ɗaya daga cikin kwafinsa cikin 2019 a kan dala miliyan 91. Ai Weiwei na ƙasar Sin ya shimfiɗa ƙwayoyin tangaran miliyan 100 masu kama da irin furen rana a zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan cikin 2010. Ma'aikata kimanin 1,600 na garin Jingdezhen su suka yi wa kowace ƙwaya fenti da hannu cikin fiye da shekara biyu.

A Nijeriya ma akwai misali mai girma. El Anatsui, haifaffen Gana, ya koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka daga 1975 zuwa 2011, kuma a can ya fara ƙera manyan mayafan ƙarfe da murafun kwalabe, waɗanda suka jawo masa lambar Zakin Zinariya a baje kolin Venice cikin 2015. Samarin yankin ne, gommai daga cikinsu, suke daddaƙe murafun, su yanka, su huda, su ɗinke su da wayar tagulla guntu-guntu. Shi kuwa yakan sa a shimfiɗa guntayen a ƙasa, ya yi ta sauya musu wuri har launuka su zauna yadda yake so, sa'an nan a haɗe su. Bugu da ƙari, yakan bar wa ma'aikatan gidan da za a nuna aikin su zaɓi yadda za su rataye shi su naɗe shi, ta yadda aiki guda yakan fito da kamanni dabam a kowane gari. Watau da gangan ya saki wani yanki na ikonsa.

Ba dukan gwanaye suka yarda da wannan hali ba. Cikin 2012 aka ruwaito cewa David Hockney ya sa an rubuta cewa shi da kansa ya yi duk ayyukan da yake nunawa, mutane da yawa kuma suka ɗauki maganar a matsayin habaici ga masu tara ma'aikata. Mai kallo na gari ma yakan ji kamar an yaudare shi idan ya gano gaskiya, sai ya tuna da karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da kotuna suka faɗa

Shari'ar da ta fi muhimmanci a wannan fage ita ce ta Richard Guino. A ƙarshen rayuwarsa, mai zane Pierre-Auguste Renoir ya kamu da ciwon gaɓoɓi har yatsunsa suka shanye. Dillalinsa Ambroise Vollard ya kawo masa Guino, saurayi daga Kataloniya, cikin 1913, suka yi aiki tare kimanin shekara huɗu. Renoir yakan ba da zane, ya zauna a kujera yana nuni da sanda, Guino yana gina yumɓu. Wani lokaci ma Guino shi kaɗai yake aiki, Renoir yana wani gari. Aka sayar da siffofin da sunan Renoir kaɗai. Cikin shekarun 1960 aka shigar da ƙara, kotu ta naɗa masani ya bincika, ya sami cewa salon Guino na kansa ya bayyana a jikin ayyukan, kuma da wani ne ya yi su da sun fito dabam. Cikin 1971 kotu ta ce su biyu ne masu aikin, babbar kotun Faransa kuma ta tabbatar da haka a watan Nuwamba na 1973, 'yan watanni bayan rasuwar Guino.

Da wannan hukunci Druet ya so ya kafa hujja, yana cewa umarnin da Cattelan ke aiko masa taƙaitacce ne, shi ne ke cike sauran. Amma ya yi abubuwa biyu da suka raunana ƙararsa. Ya nemi a ce shi kaɗai ne mai ayyukan, sa'an nan bai kai ƙarar Cattelan kansa ba, sai ya kai ta dillalinsa da gidan da ya nuna ayyukan cikin 2016. Kotu ta kori ƙarar a kan wannan dalili na biyu, gama ba a ƙwace wa mutum suna a shari'ar da ba shi aka kai ƙara ba. Duk da haka alƙalan sun lura da cewa Cattelan ne kaɗai ya tsara yadda za a ajiye siffofin: wurin da za su tsaya, da haske, da inda mai kallo zai ɓullo. Siffar Hitler ɗin nan ta nuna nauyin wannan magana. Girmanta na ƙaramin yaro ne, kuma akan ajiye ta a ƙarshen ɗaki ta ba ƙofa baya, mai shigowa ya zaci yaro ne ke addu'a, sai ya kewaya ya ga fuskar. Firgitar da yake yi a wannan lokaci daga tsarin Cattelan ta fito. Ingancin fuskar da ya sa firgitar ta yiwu kuwa daga hannun Druet yake. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar cikin 2024, tambayar ko su biyu suka yi tarayya kuma ta tsaya ba a warware ta ba.

Wata shari'a a Amurka ta nuna cewa suna yana tafe da alhaki. Cikin 1988 Jeff Koons ya ɗauki hoton da Art Rogers ya ɗauka na miji da mata rungume da 'yan kwikwiyo takwas, ya aika wa masassaƙan itace a Italiya da umarnin su bi hoton sau da ƙafa. Aka sayar da kwafi uku a kan dala 367,000. Da Rogers ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta sami Koons da laifin keta haƙƙin mallaka cikin 1992, kuma takardun umarnin da ya rubuta wa masassaƙan suna cikin hujjojin da aka kafa a kansa. Wanda ya ba da umarni ya karɓi yabo, shi ne kuma ya amsa tuhuma.

Rikicin Donald Judd da Giuseppe Panza ya haska wani gefen. Panza, attajirin Italiya, ya sayi zane da takardun shaidar waɗansu ayyukan Judd, daga baya ya sa aka ƙera su ba tare da Judd ya duba ba. Cikin 1989 ma ya yarda aka yi kwafin wani aikin a Los Angeles domin gudun kuɗin dako. Judd ya fito fili cikin 1990 ya ce waɗannan ba nasa ba ne. A ganinsa, awo a takarda bai ƙunshi kome da kome ba: kaurin kwano, da irin ƙusa, da yadda gefe ya haɗu da gefe, duk hukunci ne da sai ya gani da idonsa ya yarda. Ashe ko gwanin da bai taɓa ƙarfe ba yana da aikin da ba ya wakiltawa, watau cewa "ya yi" ko "bai yi ba".

Shari'a ta ƙarshe ta shafi masu ba da kwangila. Cikin 1985 wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni a Washington ta ba James Earl Reid aikin siffar wani iyali da ke kwana a titi. Ƙungiyar ce ta kawo ra'ayin, ta biya kuɗin kaya, ta gina dakalin, amma ba a rubuta yarjejeniya ba, ba a kuma yi zancen haƙƙin mallaka ba. Cikin 1989 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce Reid ɗan kwangila ne mai zaman kansa, saboda haka biyan kuɗi kaɗai bai mallaka wa ƙungiyar haƙƙin aikin ba, ko da yake an bar ƙofa a buɗe a duba ko ta yi tarayya da shi.

Ma'aunin da ya fito

Idan aka tattara waɗannan misalai, za a ga ma'auni uku. Na farko, wane ne ya yanke hukuncin siffa? Inda umarni ya cika har ya zama duk ƙwararren da aka ba zai fitar da abu guda, kamar akwatin Tony Smith, to mataimaki ya sayar da ƙwarewarsa ne, aikin na mai umarni ne. Inda kuwa aka bar wa mataimaki fili har salonsa ya fito, kamar Guino, to ya zama abokin tarayya ko da ana biyansa albashi. Na biyu, wane ne ke da ikon karɓa ko ƙi? Wannan shi ne darasin Judd. Na uku, wane ne ke amsawa idan aikin ya jawo ƙara ko zargi? Wannan shi ne darasin Koons.

Sai dai waɗannan ma'aunai suna warware batun mallaka ne kawai, sun bar batun adalci. Finelli bai ƙago labarin Daphne ba, amma ba don hannunsa ba da ganyayen ba su yi wannan laushi ba. Sana'ar kuma tana da hanyoyin ambaton irinsa tun da daɗewa. Yawancin tagullolin Rodin suna ɗauke da hatimin maƙerar da ta zuba su, kamar ta Alexis Rudier, kusa da sa hannunsa. Koons ya bar masassaƙan ayyukansa na 1988 suka sa sunayensu a jiki. Ai Weiwei ya sa aka nuna fim ɗin ma'aikatan Jingdezhen a gefen zauren. Babu ɗayansu da darajarsa ta ragu saboda haka. Masu shirya fim sun daɗe da gane wannan: ana kiran fim da sunan darakta, amma a ƙarshensa akan jera sunan kowa da aikin da ya yi. Abin zargi a sassaƙar zamani yana farawa ne daga lokacin da aka bar mai kallo ko mai saye ya zaci abin da ba shi ne ya faru ba.

Doka ma ta san wannan haƙƙi. Tun 1928 Yarjejeniyar Berne ta tanadi cewa mai aiki yana da ikon a ambaci sunansa ko bayan ya sayar da haƙƙinsa na kuɗi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta riƙe wannan tanadi, ta kuma san da aikin da mutum biyu ko fiye suka yi tarayya a kansa.

Kammalawa

An ga cewa rabuwar hannu da suna ta daɗe a wannan sana'a, kuma abin da ƙarni na 20 ya yi shi ne janye hannun gwani daga matakin ƙarshe da ya rage masa, watau siffar yumɓu. An kuma ga cewa mai aiki shi ne wanda hukuncin siffa ya tsaya a kansa, ko mutum ɗaya ne ko biyu.

Ga ɗalibin fasaha wanda zai fara rayuwarsa a shagon wani, abin da ya dace shi ne ya san matsayinsa tun ranar farko, ya kuma adana zane da wasiƙun da ke nuna abin da aka umarce shi da abin da ya ƙara daga kansa, gama a kan irin waɗannan takardu shari'o'in da aka ambata suka rataya. Ga ma'aikacin gwamnati wanda zai ba da kwangilar siffa a shataletale ko a harabar ma'aikata, wajibi ne yarjejeniya ta fayyace abubuwa huɗu a rubuce: wanda ya tsara, da wanda zai ƙera, da wanda ke da ikon yin kwafi ko gyara, da sunayen da za a sa a allon da ke gindin aikin. Guino ya yi jiran fiye da shekara hamsin kafin a rubuta sunansa kusa da na Renoir, kuma bai ga hukuncin ƙarshe ba.